Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya saba zama a kan benci a makon al'adu na makarantun kwaleji da na lise a Damagaram ya san irin wannan maraice. Watan Afrilu ne ko Mayu, rana ta faɗi amma ƙasa ba ta daina huci ba. An ja labule, mai gabatarwa ya shaida wa jama'a cewa wasan da za a gani yana faruwa ne a shekara ta 2100, ranar da wani saurayi ɗan unguwar Birni zai tashi cikin kumbo zuwa wata duniya neman ruwa. Sai ga tauraron wasan ya fito cikin wata koriyar riga mai haɗe da wando, irin ta matuƙan jiragen yaƙi, zif tun daga wuya har mara, tutar wata ƙasa a kafaɗa, sunan wani soja da ba wanda ya taɓa ji a ƙirji. Ƙirjin rigar ya yi masa buhu, hannunta ya gaza kai wuyan hannunsa, idon sawu a waje, hantsa kuwa ta ɗame shi tamau, domin yaron dogo ne siriri, wanda aka ɗinka wa rigar kuma gajere ne kakkaura. Wasa ya kai inda zai yi bankwana da mahaifinsa, ya zo zai durƙusa kamar yadda kowane ɗa yake yi, riga ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya a rankwafe kamar mai ciwon baya. Jama'a ta kece da dariya, a daidai wurin da yarinyar da ta rubuta wasan ta yi fatan a share hawaye.

Yaron ba shi da laifi, marubuciyar ma haka. Hasali ma abin yabo ne a ce ɗalibai sun fara gajiya da wasan auren dole da na malamin tsibbu da aka maimaita har ya suɗe, sun ɗaga kai suna tambayar yadda garinsu zai kasance bayan shekara ɗari. Almarar kimiyya ba baƙuwa ba ce a harshen Hausa. Tun a 1969, shekarar da mutum ya taka wata, aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Bahaushe ya yi yawon sararin samaniya. Laifin yana wuyan manya: malamin da ke kula da ƙungiya da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, waɗanda kan kwashe wata biyu suna gyaran lafazi da hardar magana, amma su bar zancen tufafi sai ana saura kwana huɗu, sannan a tura wani ɗalibi kasuwar Dole ya tona dilar gwanjo, ko a roƙi wani ɗan uwa mai zuwa Kano ya dubo "rigar ƴan sama jannati". Abin da aka samu shi ake sawa. In an yi magana sai a ce ai wasan yara ne.

Ya kamata a fara sanin abin da ake saye. Rigar da ake yayi ba rigar shiga sarari ba ce ko kusa, rigar aikin matuƙin jirgin sama ce. Wadda aka fi kwaikwayo ita ce ta sojan Amurka mai lamba CWU-27/P, kuma kowane ɗinki da ke jikinta yana da dalili. An yi ta da wani yadi mai suna Nomex, wanda kamfanin DuPont ya fitar a shekarun 1960, yadin da ba ya narkewa in wuta ta kama, domin babban abin tsoron matuƙi shi ne gobara a cikin ɗan akurkin da yake zaune. An haɗe riga da wando don kada wuta ta sami kafar shiga ta ƙugu, kada kuma wani lafe ya sarƙe da maɓallan tuƙi. An sa wa aljihuna zif don kada alƙalami ya faɗo in jirgi ya juya ciki sama. An kai wasu aljihunan cinya da ƙwauri da damtse saboda nan ne hannun mutumin da aka ɗaure a kujera yake iya kaiwa. Wato riga ce ta mai zama. Ɗan wasa kuwa aikinsa tsayuwa ne da gudu da faɗuwa da durƙuso da ɗaga hannu sama, sa'a guda ko fiye, a gaban fitilu. An ɗauki kayan da aka ƙera don wani aiki an ɗora wa mai wani aikin daban, sannan ana mamakin yadda ya kasa motsi.

Sai batun awo, inda ɓarnar ta fi yawa kuma aka fi raina ta. Lambar da ke wuyan irin waɗannan riguna, misali 42R, ba da santimita aka rubuta ta ba. Adadin yana nufin zagayen ƙirji da inci, inci guda kuwa santimita 2.54 ne, ke nan 42 ta kama kusan santimita 107. Harafin da ke biye yana nuna tsawo: S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. Malamin da ya ga 42 ya ɗauka awon wando ne irin na Faransa ya riga ya yi asara tun kafin a buɗe leda. Kuma ko da ya karanta lambar daidai, jikin da aka yi wa wannan ma'auni jikin ƙosasshen soja ne baligi, alhali ɗan aji huɗu na kwaleji a ƙasar nan sau da yawa ƙirjinsa bai wuce santimita 80 da ɗoriya ba, ga shi ya miƙe kamar kara. In aka zaɓi wadda ta dace da ƙirjinsa, tsawo ya gaza. In aka bi tsawo, yara biyu za su shige ta su bar wuri.

Matsalar rigar da aka haɗe sama da ƙasa ita ce ba ta yafiya. Taguwa da wando suna da sassauci a ƙugu: in mutum ya sunkuya, taguwa ta ɗaga, wando ya tsaya inda zariya ta riƙe shi. Haɗaɗɗiyar riga ba ta da wannan mafita, duk motsin jiki a kan layi ɗaya yake faɗawa, daga kafaɗa zuwa hantsa. Saboda haka awon da ya fi kowane muhimmanci a gare ta shi ne wanda ba a rubuta a wuyanta ba: a ɗora mita a kafaɗa, a sauko da ita ta ƙirji, a bi ta tsakanin ƙafafu, a hau da ita ta baya har ta komo inda ta fara. In wannan zagayen ya gaza ko da yatsa uku ne, ɗan wasa ba zai ɗaga hannu ba sai rigar ta yanke shi, ba zai tsuguna ba sai ɗinki ya ɓarke. In ya yi yawa, hantsa ta sauko gwiwa, ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Kowane tela na Zango ko na Sabon Gari zai gane wannan cikin minti biyu in aka kai masa yaron. Dilar gwanjo ba ta auna kowa.

Ga kuma zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da aka fi yin waɗannan bukukuwa, ma'aunin zafi a Damagaram yakan haura digiri 40. Ta gaskiyar, mai yadin Nomex, ba safai take faɗowa hannun ƴan makaranta ba. Abin da ke yawo a kasuwa galibi kwaikwayo ne na leda-leda, ko rigar makanikai da aka liƙa wa tambari. Irin wannan yadi ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa, kuma in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. A tuna cewa wasan kumbo ba ya cika sai an nuna tashinsa, kuma yara ba su da wata dabarar nuna tashin kumbo da ta wuce wasan wuta da hayaƙi a bayan kwali. Rigar da asalinta aka yi don kare mutum daga gobara, jabunta ya zama abin da ya fi kowane tufa haɗari a kusa da wuta. Malamin da ya sa ɗan mutane cikinta ya tsayar da shi kusa da tartsatsi ya ɗauki alhakin da bai san nauyinsa ba.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani a kan dandali, domin tun a wajen gwaji take aukuwa. Rigar da sai an tuɓe ta tun daga kafaɗa kafin a kewaya ko a yi tsarki, a makarantar da makewayinta ba shi da ƙofar kirki, a gwajin da ke farawa bayan azahar ya ratsa la'asar ya kai magariba, wahala ce ga namiji. Ga ɗiya mace kuwa ta wuce wahala. Da wuya a sami uwar da za ta yarda ɗiyarta budurwa ta hau dandali gaban mutanen gari cikin rigar da ta kama jiki tun daga wuya har idon sawu, kuma ba wanda zai ga baikenta. To, me ke biyo baya? Sai a sake rabon matsayi a hankali, ba tare da kowa ya furta dalili ba. Matsayin shugabar kumbo, wanda watakila don yarinya aka rubuta shi, ya koma hannun namiji saboda shi rigar ke shiga. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajin ta koma uwar da ke kuka a bakin ƙofa. Valentina Tereshkova ta zagaya duniya cikin kumbo tun a watan Yuni na 1963, Mae Jemison, baƙar fata ta farko a cikin mata, ta tashi a 1992, amma a dandalin makaranta a 2100 ɗin da aka ƙaga, mace ba ta da wuri a jirgi, kuma wani ɗan gwanjo ne da bai san ana yi ba ya yanke hukuncin.

Wanda ya ɗauka zancen awo ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya sami hukumar NASA kanta. A watan Maris na 2019 ta shirya fitar mata biyu zalla zuwa wajen tashar sararin samaniya, karo na farko a tarihi, sai aka fasa ana saura kwanaki, saboda riga matsakaiciya guda ɗaya ce kawai a shirye, matan biyu kuma ita ce daidai da su. Anne McClain ta janye, namiji ya maye gurbinta. Sai a watan Oktoba na wannan shekarar Christina Koch da Jessica Meir suka yi fitar. Hukumar da ke kashe dukiyar da ta fi ƙarfin lissafi, girman riga ya tsayar da ita. A zamanin Apollo kuwa ba a san wannan matsala ba, domin kowane ɗan sama jannati an auna shi ne an ɗinka masa tasa. Rigar da Neil Armstrong ya taka wata da ita a Yuli 1969 mata maɗinka ne suka haɗa ta a kan keken ɗinki a garin Dover na jihar Delaware, a kamfanin da aka fi sani da ɗinkin kayan ciki na mata, ninki 21, kuskuren da aka yarda musu bai kai milimita guda ba. Wato ko a can ƙolin fasaha, aikin tela ne da mita da allura. Abin dariya ne a ce garin da ke da tela a kowane lungu ya ga cewa hanyar kusantar kimiyya ita ce guje wa tela.

Duk wannan zancen jiki ne. Akwai na ma'ana, wanda ya fi shi nauyi, kuma ɗan ƙasar nan ya riga ya faɗe shi da hoto tun da daɗewa. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Da suka sa kayan sai suka sake suna, suka sake tafiya, suka shiga satar dawaki da tayar da hankalin ƙauyensu, har suka koma kashe juna. Abin da fim ɗin ya nuna, wanda kowane malamin wasan kwaikwayo ya kamata ya riƙe, shi ne tufa takan zo da labarinta a aljihu, kuma labarin tufar yakan rinjayi na wanda ya sa ta. Koriyar rigar nan mai tuta a kafaɗa, mutumin Nijar ya san inda ya gan ta. Ya gan ta a jikin sojojin Faransa da suka kammala ficewa a Disamba 2023, da na Amurka da suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. Ko me mutum yake ra'ayi game da zuwansu da tafiyarsu, idonsa ya riga ya haɗa wannan riga da baƙon soja. In ɗan Birni ya fito cikinta yana cewa zai ceto Damagaram daga ƙishirwa, bakinsa yana faɗin abu ɗaya, kafaɗarsa tana faɗin wani: cewa mai ceto daga waje yake zuwa, in kuwa ɗan gida zai yi, to sai ya ari fatar baƙo tukuna. Yara ɗari uku da ke zaune a ƙasa suna kallo ba za su iya tsara wannan da kalmomi ba, amma da shi za su koma gida.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Sukan ce kimiyya ba ta da ƙabila, iskar da babu a wata babu ta ga kowa, don haka rigar sarari iri ɗaya ce ko Bahaushe ne a ciki ko Basine, kuma ƴan kallo ba za su gane ɗan sama jannati ba sai sun gan shi yadda suka saba gani a talabijin. In wasan tarihi ne, ana nuna Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilu 1961, to gaskiyarsu, a nemi ruwan lemo irin nasa a kwaikwaya sak, a kuma gaya wa ɗalibai dalilin launin: don a hango shi daga nesa in ya sauka a daji. Amma wasan da ya ce yana 2100 ba tarihi yake bayarwa ba, ƙaga duniya yake yi, kuma wanda ya ƙagi duniya shi ke da ikon tufatar da ita. Ƴan kallon Damagaram kuwa ba a yi musu adalci ba in aka ce ba sa gane abu sai an kawo musu shi sak. Mutanen da suka yi shekaru suna bin wasannin ƙungiyar Yazi Dogo a rediyo da talabijin, suka cika filayen samariya a zamanin Kunce, sun san yadda kujera ɗaya ke zama ofishin kwamanda, sanda ta zama bindiga.

Daɗin daɗawa, su kansu masu finafinan da ake kwaikwayo, ina suka je neman kamannin gobe? Fim ɗin Star Wars na 1977, wanda matuƙansa masu riga ruwan lemo suka cusa wa duniya wannan hoto, a kudancin Tunisiya aka ɗauki sashensa na hamada a 1976, sunan duniyar Tatooine ma daga garin Tatawin aka samo shi, dattijon jaruminsa kuwa yana yawo ne cikin wata doguwar riga mai hula wadda duk wanda ya taɓa ganin alkyabba a fadar Sarkin Damagaram zai ce ya san ƴar uwarta. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin Black Panther na 2018 ta kuma karɓi kyautar Oscar a kansu a 2019, ta ɗebo daga suturar al'ummomin Afirka da dama, har da ta Buzaye. Su suna zuwa bakin Sahara suna kwasar rawani da amawali da shuni su kai kasuwar duniya a matsayin tufar shekara dubu mai zuwa, ƴan bakin Sahara kuma suna tonon tsummokaransu a dila.

Misalin da ya fi dacewa da garin nan shi ne na littafin Dune, wanda Frank Herbert ya fitar a 1965. Mutanen hamadarsa suna sa wata riga mai tattara gumi da tururin numfashi ta tace su ta mayar ruwan sha. Marubucin bai fara da tambayar wace riga ce za ta burge ba, ya fara ne da tambayar me zai kashe mutum a wannan wuri, amsar ta haifi rigar. To, wa ya kai ɗan Damagaram sanin darajar ɗigon ruwa, garin da ƙarancin ruwansa ya zama abin ba da labari a ƙasa baki ɗaya, inda yaro ke tashi da asuba ya bi layin famfo da jarka kafin ya tafi aji? Wa ya kai shi sanin abin da ƙurar hunturu ke yi wa ido da maƙogwaro, da dalilin da ya sa matafiyin Azbin ke rufe baki da hanci ya bar ido kaɗai? In aka zaunar da ɗalibai goma aka tambaye su abin da jiki ke bukata a duniyar da ba ruwa, ga ƙura, ga zafin rana da sanyin dare, za su zana rigar da babu irinta a kowane fim, kuma a cikin zanen za su yi darasin kimiyyar da hardar littafi ba ta ba su ba. Wannan darasin ne ake jefarwa duk ranar da aka aiki yaro kasuwa.

Ba kuma yau garin ya fara ƙera abin da bai taɓa mallaka ba. Wasan kara na Damagaram, wanda ɗan garin Inusa Usaini ya ɗauka a fim a 1980, ginshiƙinsa ke nan: samari su kwaikwayi sarki da manyan gwamnati da baƙinsu, su haɗa kayan aikinsu da karan hatsi, jama'a ta gane kowa ta yi dariya ta kuma fahimci abin da ake nufi. Ba wanda ya taɓa cewa sai an sayo motar gaske kafin wasan ya yi armashi, gwanintar ma a ƙirar take. Kafin wannan, Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, bai tsaya jiran igwa daga Tarabulus kaɗai ba, ya sa an zuba ta a nan cikin gari. Barada kuwa sun san lifidi, tufar da ake cusa wa auduga a ɗinke ta gida-gida don ta tare kibiya, sun san sulke, sun san kwalkwali. Lifidi ninki ne a kan ninki don kare jiki daga abin da zai huda shi, kuma wannan ita ce hikimar da ke cikin ninki 21 na rigar Apollo. Kalmar hular ɗan sama jannati ma ba sai an aro ta ba, kwalkwali na nan tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera kumbo.

Sai dai a nan ma akwai rami, kuma wasu ƙungiyoyin al'adu sun fi kowa saurin faɗawa cikinsa. Wanda ya ji wannan magana ya je ya ɗora wa yaro babbar riga da rawani, ya liƙa masa eriya a ka ya ce ga ɗan sama jannatin Hausa, bai fi mai tonon gwanjo ƙoƙari ba, lalaci ɗaya ne ya sake launi. Babbar riga a cikin kumbo za ta sarƙe da duk abin da ta taɓa, ɗalibin ajin kimiyya kuma zai yi mata dariya da gaskiyarsa. Abin da ake ɗauka daga lifidi dabarar ɗinkinsa ce, daga amawali hikimar tace ƙura, daga wandon Hausa yalwar hantsa da ke barin mutum ya hau doki ya sauka ya durƙusa, daga dukawan garin nan, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, ɗamara da safar hannu da takalmi mai dogon wuya. A sa wa kowane abu tambayar da aka sa wa rigar soja: mene ne aikinsa a jikin wannan mutum, a wannan wuri? Wanda ya kasa amsawa a ajiye shi, ko da na kakanni ne.

Aikin ba shi da wuya in an fara shi da wuri. Ranar da aka raba matsayi, ranar ya kamata a kira tela, ya zo ya ga gwaji ko sau ɗaya, ya san wa zai faɗi, wa zai yi gudu, wa zai ɗaga wani. A yi rigar biyu, sama da ƙasa, da yadin auduga iri ɗaya, akoko ma ya isa in marina suka rina shi, a rufe mahaɗin da ɗamara mai faɗi. Daga benci na uku ba mai iya bambanta ta da haɗaɗɗiya, ga ta tana barin mai ita ya yi alwala, ga zariya da za ta karɓi ƙugun wanda zai gaji matsayin baɗi. Ta ƴan mata a tsawaita ta sama ta sauko gwiwa, a haɗa kallabi da kwalkwali su zama abu ɗaya, yadda ba uwar da za ta hana. In kuwa labarin ya tilasta haɗaɗɗiya, to a auna zagayen nan na kafaɗa da hantsa a jikin yaron da kansa, yana sanye da abin da zai sa a ciki, a ƙara yatsa huɗu, a bar lafe a hannu da ƙafa saboda yaro ɗan shekara 15 yana iya ƙara tsawo tsakanin hutun Kirsimeti da ƙarshen shekara. Kada a biya kuɗin ɗinki sai ya sa ta a shagon ya ɗaga hannu biyu sama, ya zauna a kujera, ya durƙusa har ƙasa ya gai da telan. Kuɗin karo-karon da iyaye suka tara kuma ya tsaya a hannun tela da marini da baduku na unguwa, waɗanda za su zo kallon wasan su nuna wa maƙwabta aikinsu a jikin tauraro.

Rigunan da aka riga aka saya suka cika akwatin ƙungiya ba sai an ƙone su ba. Wadda ba ta yage ba a ajiye ta don ranar da wasa ya bukaci baƙon matuƙi da jirginsa ya faɗi a dajin Tanut, a nan tutar kafaɗarta za ta faɗi gaskiya. Sauran a kai wa tela ya farke su. Zif ɗinsu dogaye ne masu ƙarfi, sun fi waɗanda ake samu a kasuwa, kuma aljihunan cinyar za su zauna daidai a jikin sabon wandon.